"Mu ba ma biyan haraji": abin da ma'aji zai bincika kafin ƙungiya ta karɓi baƙuncin taro

Tambaya: Ni ne ma'ajin reshen Katsina na wata ƙungiyar masana noma da kiwo. Uwar ƙungiya tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. An ba mu baƙuncin taron shekara na ƙasa, kwana 3, muna sa ran mutum 400, kowa zai biya naira 30,000. Shugabanmu ya ce tunda ba don riba aka kafa mu ba, babu ruwanmu da haraji, kuma ko an yi asara uwar ƙungiya ce za ta ɗauka. Haka abin yake?

Amsa: Malam Ma'aji, Allah ya taya ka riƙo. Maganar shugabanku gida biyu ce. Ta haraji tana da rabin gaskiya. Ta asara kuwa, in ba a rubuce take ba, ka ɗauke ta kamar ba a faɗa ba. Zan fara da haraji tunda shi ka sa a gaba, amma ka sani tun yanzu cewa mai abinci da mai otal sun fi jami'in haraji saurin zuwa ƙofar ma'aji bayan an watse.

Takardar CAC da uwar ƙungiya ke riƙe da ita, mai yiwuwa ta amintattu ce, wadda ake bayarwa a ƙarƙashin Kashi na F na dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020. Aikinta shi ne ta mai da amintattun ƙungiya tamkar mutum guda a idon doka: su mallaki kadara, su ƙulla yarjejeniya, su kai ƙara, a kai ƙararsu. Yafe haraji ba ya cikin aikinta. Wannan yana cikin dokar haraji, kuma abin da aka yafe ƙayyadadde ne: rarar kuɗin da ƙungiya ta samu daga aikin alheri na amfanin jama'a, irin na addini da na jinƙai, muddin rarar ba daga ciniki ko kasuwanci ta fito ba. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ƙara fayyace cewa kafin a ce ƙungiya ta jama'a ce, sai tana da rajista, kuma ba ta raba riba ga mambobinta ko waɗanda suka kafa ta ta kowace hanya. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, suka fara aiki a Janairu 2026, sun mai da hukumar harajin tarayya daga FIRS zuwa NRS, sun canza abubuwa da dama, amma wannan sharaɗi na ciniki yana nan daram.

Saboda haka abu na farko, ka nemi kwafin kundin tsarin mulkin da aka yi rajista da shi, ka karanta manufofin. Ƙungiyar da manufarta ta tsaya ga kare muradun mambobinta kawai ba ta kai wadda ta rubuta wayar da kan manoma da yaɗa ilimin noma ƙarfin hujja ba. Idan taronku yana da zaman da aka buɗe wa manoma da makiyaya kyauta, ku rubuta shi a cikin jadawali, ku ajiye takardar sunayen waɗanda suka halarta. Ranar da aka tambaya, ita ce shaidarku.

Sannan ka daina kallon kuɗin taro a matsayin tulin kuɗi guda. Kowane kuɗi da ƙofar da ya shigo. Gudummawar da wani bawan Allah ya bayar bai nemi komai ba, wannan kyauta ce. Kuɗin rajistar da mambobi suka biya don a ciyar da su a ba su wurin zama, wanda aka yanka shi daidai da abin da za a kashe, yana da hujja mai kyau cewa ba ciniki ba ne. Amma rumfar baje koli da kuka ba kamfanin taki ko na maganin dabbobi a kan naira 300,000, da shafin talla a bayan littafin taro, da riguna da huluna da kuka saro kuna sayarwa da riba, waɗannan ciniki ne ko da wane suna aka kira su. Ribarsu tana iya shiga haraji, kuma hidima ce da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 ke iya hawa kanta. Ban ce ku guje su ba, su ne ma sukan ceci taro. Ku dai ware musu shafinsu a littafin lissafi, da abin da aka kashe a kansu, don kada a rasa gane kyauta daga ciniki a yi wa duka kuɗin goro. Game da kuɗin rajistar waɗanda ba mambobi ba, ku rubuta wa ofishin NRS ku nemi matsayarsu a takarda kafin ku buga farashi, domin ƙara kashi 7.5 bayan mutane sun biya ba ya yiwuwa.

Masu ɗaukar nauyi suna da tasu matsalar. Kamfani zai ce ya ba ku naira miliyan 2, amma a littafinsa talla ya saya. Zai nemi takardar neman biya da lambar haraji ta TIN mai sunan ƙungiya, ya cire nasa kason harajin, sannan ya turo saura, wani lokaci wata biyu ko uku bayan taro. Ku tambaye shi tun farko: kyauta ce ko talla, nawa ne zai faɗo asusu, kuma wace rana.

Yanzu ga inda maganar shugabanku ta fi rauni. Ko da ba a bin ƙungiya ko sisi a kan rararta, doka ta mai da ita mai karɓar haraji a madadin gwamnati. Duk wanda kuka biya kuɗin haya ko na aiki, akwai kason da za ku cire tun kafin ku ba shi, wanda akantoci ke kira WHT. Ƙa'idar 2024, wadda ta fara aiki a Janairu 2025, ta sa kashi 10 a kan haya, kashi 5 a kan aikin ƙwararru, kashi 2 a kan kawo kaya da sauran hidimomi, kuma ana ninka kason kaya da na hidima idan wanda aka biya ba shi da TIN. Misali, zauren da aka yi muku naira 1,500,000, za ku ba mai shi 1,350,000, ku kai wa hukuma 150,000, ku kawo masa shaidar biya. Idan kamfani ne, NRS za a kai wa, kafin 21 ga watan da ke biye. Idan mutum ne shi kaɗai, kamar malamin jami'ar da kuka ba ladan gabatar da muƙala, hukumar harajin jihar da yake zaune ce ke da shi, wato mazaunin Katsina nasa na Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Katsina ne. Kuɗin mota da na masauki da kuka mayar wa baƙo bisa rasit ba ya cikin wannan, shi ya sa bai kamata a cusa lada da kuɗin mota a ambulan ɗaya ba.

Inda ake samun rikici shi ne, ba a faɗa wa mai zaure za a cire ba sai ranar biya. Ya ce shi cif ya yi ciniki, taro gobe ne, kwamiti ya ba shi cif. To harajin bai faɗi ba, ya dawo kan ƙungiya, kuma sabuwar dokar gudanar da haraji ta sa tarar kashi 40 na abin da aka ƙi cirewa. Maganinsa layi ɗaya ne a cikin takardar ciniki: farashin nan ya haɗa da WHT ko bai haɗa ba, ya haɗa da VAT ko bai haɗa ba. VAT ɗin ma ba a yafe muku shi a abin da kuka saya ba. Abincin naira 4,800,000 daga otal zai zo da ƙarin 360,000, ban da kuɗin hidima da otal-otal kan ɗora. Kasafin da bai sa wannan ba ya fara da giɓi tun ba a kunna lasifika ba.

Sai kai rahoto. Wanda aka yafe wa biya ba a yafe masa bayani ba. Ƙungiya tana kai wa hukumar haraji lissafinta na shekara cikin wata 6 da rufe shekarar kuɗinta, tana kuma kai wa CAC rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Tarar rashin kai bayanin haraji a sabuwar doka naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 a kowane wata bayansa, wato 650,000 a shekara guda. Ka tambayi uwar ƙungiya yaushe rabonta da kai waɗannan. Sau da yawa babban taro ne ke tono tsohon sakaci, domin ranar da kamfani ya cire haraji da lambar TIN ɗinku, sunan ƙungiya ya fito a kwamfutar hukuma.

Wata 'yar gargaɗi: yawancin abin da za ka gani a intanet kan wannan batu na Amurka ne, inda ake maganar 501(c)(3) da fom 990, kuma ƙungiyar da ta yi shekara 3 a jere ba ta kai rahoto ba take rasa matsayinta kai tsaye. Tunanin ya yi kama da namu wajen raba aikin alheri da ciniki, amma lambobi da fom-fom ɗin ba su da aiki a Katsina.

Mu dawo kan asara, wadda ita ce ta fi damuna a tambayarka.

Ɗauki alƙalami mu yi lissafi da farashi na misali, kai kuma ka sa na gaskiya da ka samo a gari. Akwai kuɗin da za a kashe ko mutum 50 ne suka zo: zaure 1,500,000, janareta da man dizal 900,000 (kada ka yi kasafi a kan wutar KEDCO, ka ɗauka janareta zai yi aiki tun safe har dare), lasifika da majigi 600,000, sufuri da masaukin manyan baƙi 1,800,000, buge-buge 700,000, tsaro 500,000. Jimla miliyan 6. Akwai kuma wanda ke bin kai: abincin kwana 3 naira 12,000, jaka da kati da takardar shaida 6,000, wato 18,000. Daga 30,000 ɗin da kowa ya biya, 12,000 kawai ke saura don biyan waccan miliyan 6. Raba ka gani: sai mutum 500 sun biya kafin a tashi babu ci babu asara. Ko duk 400 ɗinku sun zo sun biya cif, akwai giɓin 1,200,000.

Kuma ba duk mai ci ne ke biya ba. Manyan baƙi da 'yan rakiyarsu, direbobi, jami'an tsaro, 'yan jarida, ɗaliban da suka taya aiki, a Katsina ba za ka hana su abinci ba, bai ma dace ka hana ba. Sa musu mutum 60, naira 720,000 ke nan.

To a ce kun riga kun ce wa mai abinci 400, kun buga jaka 400, sai 280 suka biya. Abin da ya shigo 8,400,000. Abin da ya fita 13,920,000. Asara 5,520,000. Da a kan 280 ɗin aka yi oda, da asarar ta tsaya a 3,360,000. Naira 2,160,000 sun tafi a kan kujeru 120 da babu kowa a kai, saboda kawai an faɗi adadi da wuri. Wannan lamba da ake ba mai abinci ita ce mafi tsada a duk taron, kuma sau da yawa a tsaye ake faɗinta, ta waya. A rubuta cewa adadin ƙarshe za a bayar kwana 5 ko 7 kafin taro, da damar ƙari ko ragi na kashi 10, kuma abincin kwana na biyu da na uku za a daidaita shi da yawan waɗanda aka ƙirga a ranar farko. Ranar rufe taro zaure kan ragu sosai, domin na nesa suna kama hanya da sassafe don kada dare ya yi musu.

Ɗakunan otal ma haka. Kada ƙungiya ta ɗauki lamunin ɗaki 80. Ku nemi otal ya riƙe su a kan farashin da aka yi har zuwa wata rana, kowa ya biya nasa da kansa, abin da ya rage bayan ranar otal ya sake shi. Na manyan baƙi kaɗai za ku biya.

Wa zai biya waccan 5,520,000? A nan ne za ka duba wanda ya sa hannu. Reshen jiha galibi ba shi da rajistar kansa, kwamitin shirya taro kuwa ba kowa ba ne a idon doka. Idan shugaban kwamiti ko kai ma'aji kuka sa hannu da sunanku, ba tare da takardar izini daga amintattu ba, mai bin bashi ku ya sani, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Uwar ƙungiya tana iya cewa ba ta san da zancen ba, ko shugabannin da suka yi alƙawarin su sauka a zaɓen da za a yi a wurin taron nan naku. Abin da nake ba da shawara, kada a biya ko kafin alƙalami na zaure sai an sami yarjejeniya tsakanin reshe da uwar ƙungiya, shafi biyu sun isa: kasafin da aka amince da shi, kuɗin somawa da uwa za ta bayar da ranar bayarwa, wanda aka ba izinin sa hannu da iyakar kuɗin da zai iya ƙullawa, yadda za a raba rara, da yadda za a raba asara. Uwar da ke son kashi 60 na rara ta yarda da kashi 60 na asara. Duk takardar ciniki kuma a rubuta ta da cikakken sunan amintattu kamar yadda yake a takardar CAC, mai sa hannu ya rubuta cewa a madadinsu ya sa.

Alƙawarin gudummawa kada ya shiga kasafi sai ya zama alat. Wanda aka yi a ofis da fara'a, da wanda aka sanar a lasifika ranar buɗe taro, duk niyya ce mai kyau, amma ba a sayen dizal da ita. Haka ma'aikatun da za su ce sun turo mutum 30 za a biya daga baya: takarda tana iya yin watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur. Ka yi kasafi biyu. Na farko a kan kuɗin da ke hannu da kashi 60 na mutanen da kuke sa rai, shi za a yi aiki da shi. Na biyu na ƙarin armashi, kamar liyafar dare da kai baƙi Daura su ga rijiyar Kusugu, wanda ba za a taɓa ba sai kuɗinsa ya shigo. Ku sa rangwame ga wanda ya biya da wuri, misali 30,000 kafin wata ɗaya, 40,000 a bakin ƙofa, domin mutanenmu sun saba biya ranar taro, kuma wannan ɗabi'a ce ke sa kwamiti yin oda a makance. Ku kuma tsayar da ranar yanke hukunci, kamar mako 6 kafin taro: in waɗanda suka biya ba su kai adadi kaza ba, a koma ƙaramin zaure a ɗaya daga cikin makarantun gari, ko a rage kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cin bashin banki don cike giɓi ba mafita ba ce a nan, mambobi da yawa ba za su yarda da kuɗin ruwa ba, ƙarshenta wani ɗan kwamiti ne zai ranto da sunansa.

Lokaci ma kuɗi ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na iya hana jirgi sauka a filin Umaru Musa 'Yar'adua, babban baƙo ya maƙale a Abuja ko ya sauka Kano a ɗauko shi da mota. Agusta ruwa ne, rumfunan baje koli na waje suna cikin haɗari. Azumi da lokacin aikin Hajji suna rage mahalarta, makon hawan Sallah kuma masauki kan yi wuya a Katsina da Daura. Ga farashi: wanda ya yi kasafi a farkon 2023 ya ga yadda cire tallafin mai a watan Mayu da sakin naira a watan Yuni suka rushe lissafi cikin makonni. Ka sa kashi 15 na ko-ta-kwana, kuma kowane farashi da aka ba ka a rubuta ranar da zai daina aiki.

Batun tsaro ba a ɓoye shi. Labari ɗaya mara daɗi a kan hanya, mako guda kafin taro, ya isa ya sa na Kudu su fasa. A 2020 annobar korona ta hana taruka, a 2021 an rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan. Don haka kowace yarjejeniya ta faɗi abin da zai faru in hukuma ta hana taro ko aka sa dokar hana fita: a ɗage zuwa wata rana ba tare da tara ba, ko a mayar da kafin alƙalami ban da abin da aka riga aka kashe da shaida. Kuɗin cinikin ma a biya shi kashi-kashi, 30 a farko, 40 ana saura mako biyu, sauran bayan an gama. Su ma mahalarta a rubuta musu a fom ɗin rajista nawa za a mayar wa wanda ya fasa da kuma zuwa yaushe. Kuɗin rajista amana ce a hannunku har sai an yi taron. Idan za a tara ɗaruruwan mutane da janareta da tukwanen gas a wuri guda, ku tambayi mai zaure ko yana da inshora, in babu ku nemi farashin ta kwana 3, akwai kamfanonin takaful ga wanda ke son tsarin Musulunci.

Asusu kuwa, don Allah kada a karɓi ko naira ɗaya a asusun wani mutum, ko da kai ne. Miliyoyin da suka ratsa asusunka ana iya ɗaukarsu kuɗin shigarka ne, kuma rai na hannun Allah: in ta Allah ta kasance, kuɗin ƙungiya ya shiga cikin gado sai an yi shari'ar fitar da shi. A buɗe asusun taro da sunan ƙungiya, mutum biyu ke sa hannu, bankuna kan nemi TIN da takardar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, don haka a fara da wuri. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ga mutum, miliyan 10 ga kamfani ko ƙungiya, sai ta banki. A teburin rajista a sa POS na ƙungiya da littafin rasit mai lamba, kuma kada a ba kowa kati don ya nuna hoton alat a wayarsa, sai an ga kuɗin a asusu.

In Allah ya sa aka sami rara, nan ma akwai tarko. Za a ce 'yan kwamiti sun sha wahala a raba musu wani abu. Mayar wa mutum kuɗin man da ya ƙona bisa rasit daidai ne, biyan wanda aka ɗauka aiki ladan da aka yanka tun farko daidai ne. Raba abin da ya rage kashi-kashi tsakanin mambobi kuwa shi ne ainihin abin da CAMA ta hana, shi ne kuma ke karya hujjar cewa ƙungiyar ta jama'a ce. Cikin kwana 30 da watsewa ka rufe littafi: a biya masu bin bashi, a kai WHT a raba wa masu shi shaidarsu, a bi sauran alƙawura, a ba odita na waje rasit da bayanan banki. Rarar a zuba ta a asusun ajiya na taro, a rubuta a cikin bayanan zama cewa ba a taɓa ta sai da amincewar amintattu, har ta kai adadin kuɗin da ba ya bin kai, wato miliyan 6 a misalinmu, domin reshen da zai karɓi baƙunci baɗi ya sami abin biyan kafin alƙalami.